Keji a Cikin Mota: Muhawara a Kan Tauri da Tsaro a Motocin Tsere

Tun daga lokacin da masu ƙera motoci suka bar tsohon tsarin da ake ɗora bodi a kan dogayen ƙarafa biyu, wato irin shasin da har yanzu ake gani a ƙarƙashin manyan motocin kaya, suka koma tsarin da gangar jikin motar ita ce shasinta, sai ƙarfin ƙaramar mota ya dogara kacokan a kan fallayen ƙarfe marasa kauri waɗanda aka matse a inji aka ba su siffa, sannan aka haɗa su da ɗigon walda dubbai. Wannan gini ya wadatar ga motar da za ta kai mutum wurin aiki ta dawo da shi, amma idan aka ƙara wa injinta ƙarfi, aka sa mata tayoyi masu kama kwalta, aka shiga da ita filin tsere, sai gazawarsa ta bayyana, domin jikin motar yana murɗewa a kwana, ɗigon waldar yana iya tsinkewa, rufin kuma ba a gina shi don ya ɗauki motar da ta kife tana tsakiyar gudu ba. Magani biyu ne masu gyaran irin waɗannan motoci suka saba da su: ƙarfafa shasin kansa, da gina kejin bututun ƙarfe a cikin ɗakin da direba ke zama. Abin da ake jayayya a kansa shi ne ko kowane ƙarin tauri ƙarin tsaro ne, da kuma ko kejin da ya dace da filin tsere ya dace da motar da ke bin titin jama'a.

Ƙarfafa shasi yakan fara da tuɓe motar har sai ta koma ƙwarangwal, a cire kujeru da darduma da wayoyin lantarki, a kankare fenti da ƙaron da ke rufe mahaɗar fallayen ƙarfe, sannan mai walda ya bi mahaɗan nan yana ɗinke su. Ba ya jan waldar a miƙe daga farko zuwa ƙarshe. Yakan yi ɗan taƙi ya tsallake ɗan taƙi, ya koma wani gefen motar kafin ya dawo, saboda zafin da ya taru a wuri guda yana karkatar da falle mara kauri, kuma tsagar da ta fara a walda mai tsawo takan bi ta har ƙarshenta. Daga nan sai a ƙara faranti a wuraren da ƙafafun mota suke haɗuwa da jikinta, a kuma gitta sanda tsakanin kawunan sifirin biyu na gaba. Wannan aiki tsohon abu ne a gasar da ake yi a kan hanyoyin burji, irin Safari ta ƙasar Kenya wadda aka fara a 1953, inda ramuka da duwatsu kan wargaza motar da ba a shirya ta ba. A can ne Peugeot 504, irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna, ta yi nasara a 1975 a hannun Ove Andersson. Kejin kuwa ginshiƙinsa shi ne babban baka da ke tashi daga daɓen mota a bayan kujerun gaba, ya bi ta ƙarƙashin rufi, ya sauka a ɗaya gefen. Daga gare shi ne ƙafafu biyu ke tafiya gaba su sauka ta gefen gilashi, wasu biyu su tokare shi daga baya, a gitta wasu a bakin ƙofofi, a kuma ratsa bakan da sanda a karkace. Dalilin wannan sanda shi ne cewa murabba'i yana iya karkacewa ba tare da wani gefensa ya lanƙwashe ba, alhali alwatika ba ta sauya siffa sai ɗaya daga cikin gefunanta ya miƙe ko ya taƙure, don haka duk mai gina keji nagari yana ƙoƙarin mayar da kowane fili alwatika.

Hujjar farko ta masu goyon bayan wannan aiki ta shafi yadda mota ke bin umarnin direba. Ana auna taurin shasi ne da yawan ƙarfin da ake buƙata kafin a murɗe gaban mota digiri ɗaya alhali bayanta na ɗaure. Idan shasin yana murɗewa da sauƙi, sai ya zama wani sifirin na daban wanda babu mai iya saita shi, kuma duk gyaran da bakanike ya yi wa ƙafafun motar sai wani kasonsa ya ɓace a cikin lanƙwasar bodi kafin ya kai ga taya. Motar da jikinta ya yi tauri tana amsa sitiyari nan take, kuma halinta a kwanar yau shi ne halinta a kwanar gobe, wanda shi kansa wani nau'i ne na tsaro ga mai gudu. Hujja ta biyu ta fi nauyi, domin ta rai ce. A gasar ƙasar Fotugal ta 2009, motar Jari-Matti Latvala ƙirar Ford Focus ta kauce hanya ta gangara daga tudu tana adungure har sau 17, kuma shi da mai karanta masa hanya, Miikka Anttila, suka fito da ƙafafunsu. A 2020 Ott Tänak ya bar hanya da matsanancin gudu a gasar Monte Carlo, motarsa ta yi kaca-kaca, ɗakin zaman bai rufta ba. Babu mai hankalin da zai kalli hotunan waɗannan motoci, ƙofofi sun yage, rufi ya yamutse, bututun ciki na nan tsaye, ya ce kejin ado ne.

Hukumomin tsere ma ba su bar batun ga ra'ayin kowa ba. Ƙa'idar da hukumar wasannin motoci ta duniya, FIA, ta daɗe tana bi ga kejin da mutum ya gina da kansa ta tanadi cewa bututun ya kasance mara ɗinki, wato ba falle ne da aka naɗe aka walde ba, sinadarin kabon da ke cikinsa kada ya wuce kashi 0.3 cikin ɗari, babban bakan ya kai faɗin milimita 45 da kaurin 2.5 ko faɗin 50 da kaurin 2, kuma kowace ƙafarsa ta zauna a kan farantin da kaurinsa bai gaza milimita 3 ba, mai faɗin murabba'in santimita 120. Farantin nan yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, saboda bututu mai ƙarfi da aka ɗora a kan daɓe mara kauri yakan huda daɓen ya nutse a lokacin da motar ta kife, sai a wayi gari kejin bai lanƙwashe ba amma rufin ya sauko. A Amurka kuma hukumar NHRA, mai kula da tseren miƙaƙƙiyar hanya ta rubu'in mil, wato kimanin mita 402, ta daɗe tana wajabta baka ga motar da ke gama tafiyar a daƙiƙa 11.49 ko ƙasa da haka, da cikakken keji ga wadda ke gamawa a 9.99.

Masu adawa ba sa musun ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da suke cewa shi ne Latvala da Tänak ba keji kaɗai ya cece su ba, domin kowannensu yana sanye da hular kwano, yana ɗaure da bel mai madauri shida a cikin kujerar da ta rungume shi tun daga cinya har gefen kai, wuyansa na tokare da na'urar da ke hana kai fizgewa gaba, bututun da ke kusa da kansa kuma an naɗe shi da soso na musamman. Idan aka ɗauke duk waɗannan aka bar kejin, kamar yadda yake faruwa ga wanda ya hau irin wannan mota ya tafi cefane da kai a buɗe da bel ɗin da kamfani ya sa, to an ajiye sandar ƙarfe ne 'yan santimitoci daga ƙoƙon kansa. Bel na yau da kullum an yi shi ne ya ɗan saki jiki, kuma a karon gefe, ko da na cikin gari ne mara tsanani, kan mutum yana kaɗawa nesa fiye da yadda mai zaune lafiya zai ɗauka. Soson da hukumomi suka amince da shi ma ba irin na katifa ba ne: yana da tauri a hannu, an kuma tsara shi ne ya murƙushe a ƙarƙashin hular kwano, ba a ƙarƙashin fatar goshi ba. Ga wannan sai a ƙara cewa bututun da ya bi gefen rufi yana tare hanyar jakar iskar da ke saukowa kamar labule ta rufe taga, sandunan ƙofa suna wahalar da fita da shiga, kujerun baya kuma sun zama wurin da bai kamata a zaunar da kowa ba, balle yaro.

Suna kuma da hujjar da ta shafi motocin zamanin nan. A 2009 cibiyar IIHS ta kamfanonin inshorar Amurka ta fara gwajin da ba ta ba mota kyakkyawar shaida sai rufinta ya ɗauki ninki huɗu na nauyinta kafin ya lotsa da kusan santimita 13, kuma don cim ma irin wannan ne kamfanoni suka koma gina ginshiƙan rufi da ƙarfe mai sinadarin boron wanda ake matsewa da zafi a sanyaya shi nan take. Ƙarfin wannan ƙarfe daga yadda aka gasa shi ya fito, don haka wutar walda tana rage masa ƙarfi a daidai inda ta taɓa shi. Mutumin da ya sayi sabuwar mota ya kai ta gareji a yi mata walda a kan waɗannan ginshiƙai yana iya ɓata aikin da aka gwada ta hanyar fasa motoci masu yawa, ya maye gurbinsa da aikin da babu wanda ya taɓa gwadawa. Nauyi ma abin lissafi ne, tun da kowace mita ta bututu mai faɗin milimita 45 da kaurin 2.5 tana da nauyin kusan kilo 2.6, kejin da ya ci mita 15 ke nan ya doshi kilo 40, kuma kaso mai yawa na nauyin yana sama, inda mai son mota ta zauna daram a kwana ba ya son sa.

A wannan gaɓa hujjar masu adawa ta fi ƙarfi, kuma amsar da ɗaya ɓangaren ke bayarwa ba ta rushe ta, iyaka dai tana taƙaita ta. Suna cewa yawancin motocin da ake mayarwa na tsere tsofaffi ne, na shekarun 1980 da 1990, masu siraran ginshiƙai da babu jakar iska a gefensu, kuma mai irin wannan mota da ke zuwa filin tsere a ƙarshen mako yana fuskantar haɗarin kifewa na gaske. Wannan gaskiya ne, sai dai abin da ya dace da shi rabin keji ne, wato babban baka da matokaransa na baya, waɗanda duk suna bayan kujera nesa da kai. Haka kamfanin Porsche ya daɗe yana yi a motarsa 911 GT3 RS da ake sayarwa don titi da fili: ana iya samunta da rabin keji a baya, kuma ba ta da kujerun baya ko kaɗan. Cikakken keji na motar da aka yanke wa hukuncin cewa ba za a ƙara hawanta ba tare da hular kwano ba ne.

Akwai wata jayayya ƙarama a tsakanin magina kansu, kan ƙarfen da ya fi. Wasu sun fi son ƙarfe mai gaurayen kuromiyam da molibdenam, wanda ake kira 4130, saboda ya fi jure ja kafin ya sallama, har NHRA ta yarda a yi amfani da kaurin kimanin milimita 2.1 nasa a inda take neman milimita 3 na ƙarfen gama-gari. Ribar rage nauyi ce kawai, domin ƙarafan biyu kusan daidai suke wajen tauri, ma'ana yawan lanƙwasar da suke yi a ƙarƙashin kaya kafin su lalace, don haka bututun da aka rage wa kauri ya fi saurin lanƙwasa komai tsadarsa. Ga shi kuma yana iya yin gautsi a gefen walda idan ba a iya sarrafa zafinsa ba. Amma abin da ya fi zaɓin ƙarfe tasiri shi ne hannun mai aikin. Kowane bakin bututu sai an sassaƙe shi ya yi kamar bakin kifi, ya rungumi ɗan'uwansa ba tare da giɓin da za a cike da walda ba. Lanƙwasa a sanyi ake yin ta da injin da ke hana bututu baje wa, kuma ƙa'idar FIA ba ta yarda kwanar ta fi ninki uku na faɗin bututun matsewa ba. Waldar dole ta zagaye mahaɗa gaba ɗaya, har saman da ke manne da rufi inda hannu ba ya shiga, shi ya sa maginin kirki kan huda daɓen mota ya zurara ƙafafun kejin ƙasa, ya walde saman, sannan ya ɗaga shi ya toshe ramukan da faranti. Wanda ya tsallake wannan wahala ya bar rabin mahaɗa a buɗe a wurin da ido ba ya gani, kuma nan ne kaya zai fara sauka idan motar ta kife. Bututun famfo kuwa, wanda ke da arha a kowace kasuwar 'yan ƙarfe, yana da ɗinki, ba a yi shi don ɗaukar irin wannan kaya ba, kuma farin rufinsa na tutiya yana fitar da hayaƙi mai cutarwa a ƙarƙashin wuta. Kejin da aka gina da shi ya fi rashin keji muni, saboda yana ba direba ƙwarin gwiwar da ba ta da tushe, idan ya karye kuma tsininsa yana cikin ɗaki tare da mutum.

Hujja mafi zurfi ta masu adawa ba ta tsaya a kan titin jama'a ba, ta bi taurin har cikin filin tsere. Asalinta aikin Béla Barényi ne, injiniyan Mercedes-Benz wanda ya sami rajistar fasaharsa a 1952, aka kuma fara ganinta a motar kamfanin ta 1959. Abin da ya gano shi ne cewa ya kamata gaba da bayan mota su murƙushe da gangan, ɗakin zama kaɗai ya kasance mai tauri. Lissafin a fili yake: motar da ke gudun kilomita 50 a awa, idan ta daki bango ta tsaya a cikin rabin mita na murƙushewa, jikin da ke ɗaure a cikinta yana ɗaukar matsin da ya kai kusan ninki 20 na nauyinsa, idan an taurara gabanta har ta tsaya a cikin rubu'in mita, matsin ya koma kusan ninki 40. Ƙarfin karo ba ya ɓacewa don mota ta ƙi lotsawa, wucewa yake yi zuwa ga abin da ya fi laushi a cikinta, kuma abin nan shi ne mutum. Don haka maginin da ya zarce da bututu daga keji har hancin mota don neman taurin shan kwana yana cinye tazarar da za ta shanye bugu.

Gasar NASCAR ta Amurka ta koyi wannan darasi sau biyu, da tsada. A 2000 Adam Petty da Kenny Irwin Jr. da Tony Roper suka mutu a haɗurra daban-daban, sannan a ranar 18 ga Fabrairu 2001 Dale Earnhardt ya mutu a zagayen ƙarshe na gasar Daytona 500. Dukkansu motocinsu na da cikakken keji, kuma abin da ya kashe su karayar gindin ƙoƙon kai ce, wadda ke faruwa idan jiki ya tsaya cak kai ya ci gaba da tafiya. Binciken mutuwar Earnhardt ya ambaci dalilai da dama, ciki har da bel ɗin cinyarsa da ya tsinke, amma tun a lokacin wasu direbobi da injiniyoyi sun nuna yatsa ga yadda motocin suka ƙara tauri. A Oktoban shekarar hukumar NASCAR ta wajabta na'urar tokare kai da wuya, wadda fitacciyar cikinta, HANS, aikin Robert Hubbard da Jim Downing ce. Bayan shekaru ashirin da ɗaya, a 2022, aka fito da sabuwar mota mai suna Next Gen, sai direbobi suka fara kukan cewa bugun da a da ba ya damunsu yanzu yana ratsa su, musamman idan motar ta daki bango da baya. A Yuli Kurt Busch ya yi irin wannan karo a filin Pocono, ya sami buguwar ƙwaƙwalwa, bai kuma sake shiga babbar gasar ba. A Satumba Alex Bowman ya sami irin raunin a Texas, ya rasa tsere biyar. Motocin ba su yi wata mummunar lalacewa ba, kuma wannan shi ne ainihin matsalar. Kafin kakar 2023 hukumar ta sake fasalin ƙarafan bayan motar, ta cire wasu ta kuma sassauta wasu don su lanƙwashe.

Idan aka auna wannan tarihi da idon basira, za a ga bai kayar da kejin ba, ya kayar da tunanin cewa tauri abu ne da ake zubawa ko'ina a jikin mota. Direbobin NASCAR sun tsira daga kifewar da ba a zaci rai zai fita daga cikinta ba, kamar Ryan Preece da motarsa ta tashi sama ta yi ta juyi a Daytona a Agustan 2023, kuma ɗakin ƙarfen ne ya hana rufi saukowa a kansa. Masu goyon baya suna da gaskiya a kan ɗakin zama, masu adawa suna da gaskiya a kan hanci da wutsiya, kuma kuskuren da ya fi yawa a ƙananan gareji shi ne a ji rabin farko a manta na biyu, saboda tauri abu ne da direba ke ji a hannunsa tun ranar farko, alhali amfanin murƙushewa ba ya bayyana sai ranar haɗari. Kejin kuma yana da iyakar da ba ya wucewa komai kyawun gininsa, tun da tsakanin sanda da sanda fili ne. A Fabrairun 2011 ƙarfen shingen hanya ya huda motar Robert Kubica a wata gasa a Italiya ya yi wa hannunsa na dama mummunan rauni, a Afrilun 2023 kuma Craig Breen ya mutu a wurin gwaji a Kuroshiya bayan da turken shinge ya shigo ta tagar gefensa, alhali mai karanta masa hanya ya fito ba rauni.

A cikin wannan watan na Afrilun 2023, a filin Talladega, motar Preece ta daki ta Kyle Larson a gefen dama da cikakken gudu, har sandunan ƙofar wannan gefe suka lanƙwashe suka shigo ciki. Direba a gefen hagu yake zama a waɗannan motoci, don haka Larson ya fito lafiya. Hukumar ta ɗauki motocin biyu ta kai cibiyar bincikenta, ta maimaita irin karon a wurin gwaji, kuma gyaran da ta fitar bayan 'yan makonni ya ƙunshi abu biyu: an ƙara farantin ƙarfe a kan sandunan ƙofar dama don ɗakin zama ya ƙara tauri, an kuma cire wani matokari daga gaban motar don hancin da zai daki wani ya fi saurin murƙushewa.